Gwaggo a Gindin Datsi

Ku ajiye kwandunan nan, samari, ku matso inuwa. Na ji abin da Habu ya faɗa ɗazu yana ƙara wa bangon datsin nan ƙasa, wai datsi ba sana'a ba ce, duk wanda ya iya cika kwando ya iya tare rafi. Ban ji haushi ba. Ni ma haka na ɗauka ranar da na fara, kuma a lokacin na fi Habu ƙarfi, na fi shi baki.

Datsi na farko da na sa hannu a ciki a Kangire ne, bayan an gama kaka, rafi ya fara ja da baya. Gonarmu ba ta ishe mu ba, mu da yawa ne a gida, shi ne ubana ya kai ni wurin Baba Gwadabe, wanda duk ƙasar Birnin Kudu da Gwaram shi ake kira in ana son a tsare ruwa don noman rani. Na zaci da isarmu za a miƙo mini galma. Sai na ga tsohon ya naɗe wando ya shiga tsakiyar rafi da dogon gora, yana tafiya yana soka ƙasa, yana tsayawa, yana sake tafiya. Muka wuni a haka. Yashi yake gudu. In ka kafa bango a kan yashi, ruwa ba zai yi faɗa da kai ba, zai bi ta ƙarƙashi ya yi tafiyarsa, kai kana sama kana yabon kanka. Inda goran ya shiga da ƙyar ya fito da yumɓu a bakinsa, gaɓa biyu kuma suka matso juna, nan ya tsaya ya ce a sare turaku.

Turakun na ƙirya ne ko marke, su ne ba sa ruɓewa da wuri. A kafa su layi biyu da gudumar itace, a saƙa tsakaninsu da rassan geza, a jingina zana ta fuskar ruwa. Sannan a cika tsakiya da yumɓu da aka cuɗa da ciyawa, kaɗan kaɗan, ana takawa da ƙafa ana bi da madaɓi. Duwatsu ta baya suke zama, su riƙe bangon. A gefe ɗaya kuma a yanka makwarara, don in ruwa ya yi yawa ya sami hanyar fita, mutanen da ke ƙasa su ma su sami rabonsu. Wanda ya toshe makwarara saboda haɗama, ko ruwa ya hukunta shi ko maƙwabta. Wannan duk kun iya, ko kun kusa iyawa, kuma shi ne ɓangaren aikin da ake gani da ido.

Masu kiranmu iri-iri ne. Akwai masu alkama da albasa, waɗanda ke kafa jigo a bakin ruwa suna ɗebowa suna zuba wa fangali. Akwai Fulani, da ba su taɓa ɗaukar kwando ba amma shanunsu ne ke fara sha, sai dai ba sa mantawa da ƙwaryar nono. Akwai masu rini, da ba su taɓa cewa ruwa ya ishe su ba. Ladanmu daga amfanin lambu yake fitowa in an girbe. Da rani kowa ɗan'uwanka ne, har wanda bai san sunan ubanka ba zai tsaya ya tambayi lafiyar iyali. Da damina ta sauka, ka wuce ta ƙofar gidansa ka ga ko zai ɗago kai.

Da ruwan Kangire ya cika, Baba Gwadabe ya ɓace tun safe, ya dawo da azahar ɗauke da tulu an rufe bakinsa da faifai. Bai bar kowa ya karɓe shi ba. Ya durƙusa a gindin bango ya karkata tulun, wani kifi ya sulale ya shiga ruwa. Ba shi da ƙaya a baya, ba shi da ɓawo, jikinsa luɓus, mai ƙiba, da ƙananan idanu kamar bai damu da ganin kowa ba. Na buɗe baki zan ce minjirya, tsohon ya make mini leɓe da bayan hannu.

"A bakin ruwa ba a kiran sunanta," in ji shi. "Gwaggo ake cewa."

"Baba, wa yake kawo wa kansa wannan masifa? Masunta ma gudunta suke yi."

"Masunta kifi suke nema. Mu rami muke nema."

A hanya ya yi mini bayani. Bango ba ya karyewa daga sama. Ƙaguwa ce za ta haƙa ɗan rami a gindi, ko gafiya ta baya, ruwa ya samu ya dinga lasar yumɓu a hankali har cikin bangon ya zama kogo, fuskarsa kuwa sumul. Ido ba ya ganin wannan, ruwan datsi baƙi ne. Hannu ma yakan wuce bai lura ba, don zana tana rufe bakin ramin. Amma Gwaggo ba ta kwana a fili. Duk inda rami ya buɗe, ita za ta fara sani, ta shige ta kwanta. Kai kuma in ka zo lalube, kana shafa gindin bango da tafin hannu, da ka iso ƙofarta za ta buge ka. Inda ta buge ka, nan za ka toshe.

Bugun farko da na sha, a wannan datsin ne. Ba cizo ba ne, ba harbi irin na kunama ba. Ban ga komai ba, ban ji an taɓa ni ba, sai na ji kamar an maka mini taɓarya a gwiwar hannu daga cikin ƙashi. Haƙorana suka haɗu, bakina ya cika da ɗanɗanon ƙarfe. Na fito ina salati ina neman hanyar gida. Baba Gwadabe yana zaune a kan bango yana dariya har da hawaye.

"Ta gaishe ka," ya ce. "Koma ka nuna mini wurin."

Abin da ban taɓa sabawa da shi ba shi ne taɓa jikinta lokacin da ba ta yi niyyar bugu ba. Kana cikin duhun ruwa, numfashi a riƙe, kana shafa laka mai sanyi, sai tafinka ya sauka a kan wani abu mai laushi irin kumatun mutum. Ba ta motsi. Takan bar ka ka gama shafawa ka janye, sa'an nan ta yanke shawara. Na san masu ƙarfi da suka bar sana'ar nan saboda wannan kaɗai.

Lalube yana da ƙa'ida. Da hantsi ake yinsa, rana ta ɗan ɗumama ruwa. Mutum ɗaya ke shiga, da igiya a ƙugu, wani yana riƙe a kan bango, na gaɓa kuma ba sa magana har ya fito. Babbar ƙa'idar ita ce, in uban datsi ya lalube bango ya ce lafiya, ba mai shiga bayansa. Wanda ya shiga, ya faɗa wa duniya ke nan cewa hannun ubangidansa ya mutu. Don hannu yakan mutu. Bugun nan na shekara da shekaru yana cinye ji a hankali, daga yatsu har kafaɗa, mai shi kuma ba ya sanin ranar da abin ya ƙare. Daga ranar da aka shiga bayan mutum aka sami rami, ba mai sake kiransa, ko datsin wankin tukwane ne.

Datsin da ya fi kowanne girma a rayuwata a ƙasar Gwaram muka yi shi, kusa da Farin Dutse. A lokacin na yi gemu, ina da iyali, amma har yanzu ni ke riƙe wa Baba igiya. Shekarar damina ta yanke da wuri, gero ya fito ba ido, rumbuna rabi-rabi. Mutane suka ɗora ransu gaba ɗaya a kan alkama. Mai unguwa Barau ya tara ƙauyuka, aka yi bangon da ya fi tsayin mutum mai ɗaga hannu, ruwa ya kwanta a bayansa har ba ka iya jefa dutse ya tsallake. Saboda birai da ɓarayi, da tsoron maharan da ke saukowa daga duwatsun kudu, masu lambu suka tattaro suka kafa bukkoki a ƙasan bangon, cikin kwarin rafin, da mata da yara da awaki. In ka tsaya a kan bango kana ganin cikin tukunyar kowa.

Alkama ta fara fitar da kai ke nan, wata tsohuwa, Inna Dije, wadda fangalin albasarta ne mafi kusa da bango, ta tare ni.

"Mati, zo ka ga wani abu."

Ta kai ni bayan bukkarta. Wani ɗan idon ruwa ne ya ɓullo a ƙasa, bai fi bakin ludayi ba, yana tafasa a hankali ba ƙara.

"Da farko garau yake fitowa," ta ce. "Yanzu dubi launinsa. Kuma sa hannu ka ji, sanyinsa ba irin na ruwan sama-sama ba ne."

Launin yumɓunmu ne. Na gane shi, da ƙafata na taka shi. Na ɗaga kai na dubi bangon, yana tsaye sumul, ko tsaga babu. A ranar ne kuma na lura kwaɗi sun yi shiru. Ruwa mai girma haka, da yamma ya kamata su hana mutum jin maganar ɗan'uwansa, amma ba ko ɗaya.

Washegari da hantsi Baba ya shiga. Mutane suka taru a gaɓa suka yi tsit. Ya fara daga inda ruwa ke ƙirji, yana tafiya a gicciye, hannun dama a nutse yana shafawa. Ina samansa da igiya, ina kallon ƙeyarsa. Da ya kusa tsakiya sai na ga naman kafaɗarsa yana rawa, kamar yadda fatar doki ke yi in ƙuda ya sauka. Rawar ta tsaya, ta sake dawowa. Fuskarsa kuwa ba abin da ya canza, kamar mai jan carbi. Sai ƙananan kifaye suka fara tasowa kewaye da shi, cikinsu a sama, fari fat, suna juyawa a hankali. Baba ya nutse, ya daɗe, ya taso, ya wuce gaba. Da ya kai ɗaya gaɓar ya fito ya share fuska.

"Lafiya lau," ya ce wa mai unguwa. "Gwaggo ba ta ce komai ba."

Mutane suka yi hamdala suka fara watsewa. Ni kuwa na bi shi bayan wata kanya inda yake sa riga.

"Baba, na ga kafaɗarka tana rawa."

"Sanyi ne."

"Kifayen da suka taso fa? Da idon da ya ɓullo a bayan bukkar Inna Dije?"

Ya ɗaga hannun damansa yana dubawa, ya juya shi ciki da baya, kamar an ba shi aron na wani.

"Wallahi ban ji komai ba, Mati. Ba zan ce na ji abin da ban ji ba."

"To ka bar ni in shiga in ba kowa. Ba wanda zai sani."

"In ka sami rami fa? Ramin da ya ɓulla ta bayan bango ba ya tosuwa. Za ka ce wa mutanen nan su saki ruwansu, alkama tana fitar da kai, rumbu ba hatsi. Za su tambaye ka wa ya gani. Ba za su saki ruwan nan ba sai sun ga an bugi mutum da idonsu." Ya gyara wuyan rigarsa. "In za ka shiga, shiga a gabansu. Ka dai san abin da kake faɗa in ka shiga."

Na sani. Mutumin nan shi ya aurar da ni, shi ya raɗa wa ɗana na fari suna. Na so ƙwarai ya ce kada in shiga, ko ya zage ni, in sami abin fakewa. Bai ce ba. Daga inda muke tsaye ana jin dakan mata a cikin kwari.

Na koma kan bango na tuɓe riga. Waɗanda suka fara tafiya suka juyo. Mai unguwa Barau ya taso da sauri yana tattare babbar riga.

"Kai Mati, lafiyarka kuwa? Ubangidanka ya gama magana."

"Ranka ya daɗe, a ba ni izini."

"Ba kunya? A gabansa?"

Inna Dije ce ta yi magana daga cikin mata, ba ta ko ɗaga murya ba.

"Mai unguwa, jikokina a ƙarƙashin bangon nan suke kwana. A bar shi ya shiga, kunyar a raba mana ita daga baya."

Na ɗaura igiya, na nemi wanda zai riƙe. Kowa ya sunkuyar da kai. Sai ga Baba Gwadabe ya hawo bangon a hankali, ya karɓi bakin igiyar ya naɗe a hannun hagu.

Tun kafin in kai tsakiya na fara jin ruwan yana tsikarin fatata, gashin jikina ya miƙe. Na ja numfashi na nutse. Ƙasa duhu ne ƙirin. Na bi zana da tafi, na ji ta saki, tana lilo kamar labule. Na tura hannu bayanta. Ba yumɓu. Na tura har kafaɗa, ba yumɓu, sai wani sanyi da ke jan hannuna ciki a hankali, ba gaggawa. Na laluba sama, na laluba gefe, ban taɓa bango ba. Sai yatsuna suka sauka a kan laushin nan. Na matsa, wani laushin. Na sake matsawa, wani. A kwance suke jere, jiki a jikin juna, kuma ba wadda ta motsa. Suka bar ni na gama shafa su.

Abin da ya biyo baya ba ni da labarinsa. Na farka a kan gaɓa ana danna mini ciki, bakina duk jini don na ciji harshe. Aka ce igiyar ce ta yi wani irin fizga, sannan ta saki, Baba da mutum biyu suka jawo ni kamar buhu. Hannuna bai dawo nawa ba sai bayan la'asar.

Ba wanda ya ƙara gardama. A ranar aka kwashe bukkoki aka hau tudu, muka zurfafa makwarara muka dinga sakin ruwa kaɗan kaɗan, don in ka sake shi gaba ɗaya kai ka karya bangon da hannunka. Da ruwa ya sauka muka yaye zanar. Kogo ne a ciki wanda mutum zai shiga ya zauna ya miƙe ƙafa. Abin da ya rage tsakanin ruwan da kwarin bai fi kaurin bangon rumbu ba. Gwaggo kuwa, guda ɗaya muka saka da hannunmu a wannan datsin, amma abin da muka gani a cikin laka ya fi ƙarfin ƙirga, manya-manya, sun zuba mana ƙananan idanun nan. Rafin da yake bushewa ƙaf kowace shekara, daga ina suka zo? Har yau ban sami mai gaya mini ba. Ba wanda ya yarda ya ci ko ɗaya, duk da yunwar da ake ciki. Kafin mako ya zagayo, da rana tsaka, ba iska ba komai, tsakiyar bangon ta zauna da kanta.

Ba a rasa rai ba. Amma alkama fiye da rabi ta bushe a tsaye, aka sha wuya ƙwarai kafin sabon gero. Akwai waɗanda har suka mutu ba su daina cewa da na bar bangon da ya kai girbi ba. Wataƙila da ya kai. Ban taɓa yi musu musu ba.

Baba Gwadabe bai sake zuwa bakin ruwa ba. Ya koma tufkar igiya a kasuwar Gwaram. In na je gaishe shi yakan amsa da fara'a, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, amma bai taɓa tambayata labarin datsi ba, ni ma ban taɓa kawowa ba. Wata rana ina zaune na ga garwashi ya faɗo daga kaskon mai tsire ya sauka a bayan hannunsa, yana ta ba ni labarin tsadar rama, har sai da na ji ƙaurin fata na kaɗe masa. Ya duba wurin, ya dube ni, ya ci gaba da tufka. Abin ya yi mini ciwo, kuma har yau yana yi.

To, ba don ku ji daɗin hira na tsayar da ku ba. Tun da ruwan nan na bayanku ya cika nake shiga lalube, kuna gani, ina fitowa ina cewa lafiya. Ban yi muku ƙarya ba, ban ji komai ba. Yau da hantsi ma na bi shi daga gaɓa zuwa gaɓa, ban ji komai ba. Bana Gwaggo ba ta buge ni ko sau ɗaya ba, kuma ban taɓa ganin datsin da ya kai wannan lokaci ba rami ko na ƙaguwa ba. Mai yiwuwa bangon ne ya yi kyau, don kun taka shi da gaske. Mai yiwuwa kuma hannuna ne. Ni ba ni da hanyar da zan bambance.

Ku leƙa ƙasa ku ga bukkokin da ke cikin kwari, kowannenku ya san wa ke kwana a ciki. Rana ba ta yi zafi ba tukuna, mutane ma ba su watse ba, gara a yi a gabansu. Ni zan riƙe igiyar. Wa zai tuɓe riga?